Koren Tawul a Inuwar Mangwaro

Shekara ashirin da biyu Uwar Kumfa tana yi wa masaukin nan wanki, ko maɓalli bai taɓa ɓata a hannunta ba, sai ga shi rana tsaka an ce hannun nata ne ke ɗauke da cuta. Ita kuwa ko da zagi ka tare ta tana iya haɗiyewa ta wuce, amma ka ce mata ƙazama, to ranar ka taro wa kanka.

Masaukin ba wani babba ba ne. Ɗaki goma sha shida, ofis a gaba, kicin a gefe, lambu a baya, can ƙarshen lambun kuma ɗakin wankinta da famfo biyu da teburin guga. Ma'aikata ne suka laƙaba mata sunan tun tana da ƙuruciya, don duk wanda ya leƙa ba ya ganin komai sai kumfa har gwiwar hannu, kuma sunan ya bi ta har gida. Mako uku ke nan baƙi na kwana lafiya su tashi da susa. Manaja, wani saurayi mai sauri da ba ya iya tsayawa ya ji ƙarshen magana, ya fara cewa kuɗin cizo ne. Aka fitar da katifu rana, aka yi feshi har masaukin ya kwana biyu yana wari, susa ba ta daina ba. Ya ce sabulu ne, aka sauya sabulu. Ana nan sai wata cikin masu gyaran ɗaki ta hango jajayen ƙuraje a wuyan hannun Uwar Kumfa, kafin azahar magana ta zaga masaukin kaf cewa mai wanki ƙazwa gare ta.

Ranar Litinin Manaja ya zo da kansa. Bai shiga ɗakin wankin ba, daga bakin ƙofa ya tsaya, hannu biyu cikin aljihu, wai kada ya taɓa wani abu. Ya ce mai masauki ya gaji da koke-koke, ranar Asabar ta kawo makulli ta karɓi takardarta, za a riƙa kai wanki wurin masu inji. Ta tambaye shi me za a rubuta a takardar. Ya ce abin da yake gaskiya mana, rashin lafiyar fata.

Ai kuwa nan ta gane abin da za ta rasa. Ba aikin kaɗai ba. Mai wanki da aka sallama da wannan takarda ta gama wanki a garin, domin ko tsumman goge ƙasa ba wanda zai ƙara miƙa mata. Tun ma kafin takardar ta fito maganar ta riga ta isa unguwa. Matar mai kanti, da ta shekara tara tana ba ta kayan 'ya'yanta, ta aiko cewa kada ta wahalar da kanta wannan makon. A gida kuwa surukarta, yarinya mai ladabi da ba ta taɓa ɗaga mata ido ba, ta zo cikin dabara ta zare jaririya daga cinyarta, wai lokacin barcinta ya yi, alhali jaririyar ido biyu tana wasa da ɗankwalin kakarta. Abin ya yi wa Uwar Kumfa ciwo, kuma abin da ya fi cin ta shi ne ita kanta ta fara tsoron ko gaskiya ne.

Washegari da sassafe ta tafi ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ta buɗa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta duba tsakaninsu, ta duba gwiwar hannu, ta ce wannan ba ƙazwa ba ce, wani abu ne dai ya taɓa ta, wataƙila ganye, wataƙila ƙwaro. Ta ba ta man shafawa. Uwar Kumfa ta kwaso maganar da zafinta ta kai wa Manaja, shi kuwa ko kai bai ɗago daga wayarsa ba.

"Mama, wani abu ba suna ba ne," ya ce. "In kin san abin, kawo mini shi nan in gan shi da idona."

Ya faɗa ne don ta tafi. Bai san da wa yake magana ba. Ta ce to, ta juya, ta bi ta bayan kicin ta tsince kwalaben zuma guda tara da aka zubar, ta wanke su tas, ta huda murafun da ƙusa, ta jera su a kan teburin guga.

Wanda ya fara cin karo da ita shi ne mai lambu, wani tsoho dogo mai tari, wanda ya riga ta zuwa masaukin da shekara biyu. Tsakaninsu ba a rabuwa sai an yi tsiya. Shi yana cewa ruwan sabulunta ke kashe masa furanni, ita tana cewa hayaƙin ciyawarsa ke ɓata mata fararen kaya, kuma kullum tare suke cin abincin rana a kan benci ɗaya. Ya same ta durƙushe cikin shukokinsa da kwalba a hannu, ya tsaya yana kallo, ya tambaye ta ko wankin ne ya ƙare ta koma kiwo. Ta ce ya rufe mata baki ya gaya mata sunan wannan. Ya leƙa ya ce ƙwaro ne. Ta nuna wani, ya ce shi ma ƙwaro ne. Ashe duk shekarun nan mutumin kashi biyu kawai ya raba su, masu cin ganye da marasa ci, sauran bai dame shi ba. Ta ce masa kaico da ilimi.

Sai ta koma ga abin da ta iya. Ido gare ta na mai wanki, wanda ke gane yadi daga nesa, ya san tabon shayi daga tabon tsatsa. Ta fara duban fukafukai yadda take duban zane. Ga wani malam-buɗe-littafi rawaya da aka yi wa kalmasa da baƙi, ga wani fari fat mai ɗigo ɗaya, ga wani babba baƙi da zanen ruwan ƙwai wanda ba ya barin bishiyar lemo. Kafin la'asar ta lura cewa masu yawo da rana in sun sauka tsaye suke haɗe fukafukansu, kuma gashin kansu siriri ne mai ɗan kulli a ƙarshe. Waɗanda take tararwa da safe manne a bango kusa da fitila kuwa shimfiɗe suke kwanciya, jikinsu ya fi kauri, wasu gashin kansu kamar ɗan mataji. Mai lambu ya ce waɗannan ai faɗa-wuta ne, ya ji daɗi ƙwarai da ya samu suna ɗaya da zai bayar.

Kamawa ba ita ce wahalar ba. Sanin wanda ke sa susa ita ce, kuma hanya ɗaya ta gani. Ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta ɗauko alƙalamin da take sa wa zannuwan gado alama da shi, ta zana 'yan gidaje tara a cikin damtsenta inda fata ke da laushi, kowanne da ɗigon da ya yi daidai da na jikin kwalbarsa. Ta riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya tana gogawa a gidansa. Mai lambu ya ce lallai matar nan ta fara taɓuwa. Ta ce gara ta taɓu da a ce mata ƙazama, ya riƙe mata kwalbar da kyau kada ya saki.

Ta fi sa rai ga wata ƙatuwar gizaka baƙa mai gashi buzu-buzu da ta samo a jikin katanga, don ko kallonta ka yi sai tsigar jikinka ta tashi. Ta rintse ido ta goga. Ta jira har yamma, gidan gizaka ya ɗan yi ja ya koma. Hodar fukafukin malam-buɗe-littafi, wadda tun suna yara ake tsorata su da ita, ba ta yi komai ba sai ɗan ƙyalli. Wani kore mai kamar garkuwa ya bar mata wari har cikin tufa. Hangara, ƙwaron nan mai ƙona fata, ita kaɗai ta yi aiki, ta ɗaga mata bororo mai ruwa, har Uwar Kumfa ta fara murna, sai ta sa hannun kusa da ƙurajen wuyan hannunta ta ga ko kusa ba su yi kama ba. Nata ƙanana ne jajaye, a tare kamar an watsa gero, na hangara kuwa ƙuna ce sak. Ta sake su duka ta zauna a bakin famfo. Kwana biyu sun tafi, ga wankin masauki da ba a ɗauke mata ba, ga bororo tana fama da shi a banza.

A daren ba ta ci abincin kirki ba. Ɗanta ya lallaɓo ya ce ta haƙura, shi zai riƙe gidan, ta huta hakanan. Ta dube shi ta ce in hutu ne ta fi kowa so, amma ba za ta huta da wannan suna a kanta ba, ya tashi ya ba ta wuri.

Ranar Laraba da yamma ta gane ta fara ne daga wutsiya. Tana ta tambayar ƙwari, ba ta tambayi masu susar ba. Ta tare babbar masu gyaran ɗaki a kan matakala, ita ce kuwa ta fara fesa maganar ƙazwar. Matar ta ja da baya, ta manne da bango tana neman hanyar wucewa. Uwar Kumfa ta ce ta kwantar da hankalinta ba taɓa ta za ta yi ba, tambaya ɗaya ce, a ina baƙin ke susa. Da ta ga ba faɗa ba ne sai bakinta ya buɗe, dama ba ya wuyar buɗewa. Ta ce yawanci wuya da baya da fuska. Akwai wani mai sanƙo a ɗaki na bakwai da kansa ya yi jawur, ya sauko ofis yana ɗaga hula yana nuna wa kowa. Ƙafafu fa? Ta ce ba ta ji mai kukan ƙafa ba. Akwai wanda ya kwana bai yi ba? Ta yi tunani ta ce wata mata mai tsantseni da ta kwana huɗu, wadda komai nata ta zo da shi, har tawul.

Uwar Kumfa ta tsaya cak. In zanin gado ne, ai ƙafa da cinya za su fara. Wuya da baya da fuska da tsakar kai, nan mutum ke dirzawa in ya fito wanka. Kuma tawul shi kaɗai ne a duk kayan masaukin ba ya hawa teburin guga, daga igiya sai ninki sai ɗaki.

Ta sauko matakalar a hankali, domin ta riga ta san sauran. Wata biyu da suka wuce Manaja ya sayo sababbin tawul koraye, yana ta alfahari da su, ya ja mata kunne cewa in suka koɗe ita ce. Igiyoyin shanya na masaukin suna fili ne a kan siminti, inda rana ke dukan kaya tun safe. Duk mai wankin da ta san aikinta ta san rana abokiyar farin kaya ce, mai launi kuwa cinye shi take. Don haka ba ta tambayi kowa ba, ta zo da igiya daga gida, ta ɗaura daga tagar ɗakin wanki zuwa gindin mangwaron da ke ƙarshen lambu, korayen suka riƙa shan iska a inuwa. Har yabon kanta ta yi a lokacin. Kullum tana ƙarƙashin bishiyar nan safe da yamma, kwana biyu tana rarrafe cikin furanni da kwalba, ba ta taɓa ɗaga kai sama ba.

Alhamis tun gari bai gama wayewa ba ta iso. Ta shimfiɗa tsohon farin zanin gado a ƙarƙashin mangwaron, ta danne gefunan da duwatsu, ta tafi ta yi wankin safe. Da ta dawo zanin ya cika da baƙin kashi ƙanana kamar garin shayi, tare da wasu busassun ɓawo marasa nauyi da iska ke juyawa. Ta ɗauki ɗaya a kan farce ta kai kusa da ido. Riga ce, rigar tsutsa, har da wurin kai, gashi cirko-cirko a jiki, mai ita ta tuɓe ta yar.

Ta je ta ce mai lambu ya kawo tsani. Ya ce da shekarunta, ta ce da nasa fa, ya riƙe mata kawai. Ta ɗaure zani tamau ta hau. Daga ƙasa ganyen lafiya lau yake, kore shar, sai da ta juya bayansa ta ga abin. Ga su nan jere kafaɗa da kafaɗa, ba su fi ashana tsawo ba, baƙi da rawaya, kowacce da jajayen ɗigo biyu wajen wutsiya da 'yan tuntayen gashi a gadon baya. Ganye ɗaya ta ƙirga ashirin da uku ta bari. A wasu ganyen akwai gidajen da suka saƙa suka shige, a wasu kuma wani ɗan faci rawaya mai laushi kamar auduga. Ta kankare shi da tsinke ta ga ƙwai ne a lulluɓe. Can kusa da hannunta wani ƙaramin farin faɗa-wuta ya yi lamo, da tuntun rawaya a ƙarshen cikinsa, launi ɗaya da facin. Sau nawa ta gan su a bangon ɗakin wanki ta raina su, wai sun cika ƙanƙanta da tsabta. Ashe uwar ce, gashin jikinta take tsigewa ta rufe ƙwanta da shi.

Ta sauko da ganye uku cikin kwalba da ɓawon nan cikin takarda. Wuri ya ƙare a damtsen hagu, ta zana gida biyu a na dama. Ta goga mai ran a ɗaya, ta murtsuke busasshiyar rigar ta shafa a ɗayan. Kafin ta gama ɗauraye bokiti guda wuta ta kama. Gidan busasshiyar ma ya fi tashi, ƙuraje ƙanana jajaye a tare, ta kara da wuyan hannunta ta ga uwa ɗaya uba ɗaya. Susa kamar ta cire fatar, ita kuwa dariya take yi, hawaye na zuba, tana cewa mai lambu ya zo ya gani, ya zo ya ga ƙazwar tata.

Ya zo ya gani. Bai yi dariya ba. Ya koma kan benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sai da ta matsa masa ya ce tun farkon zafi Manaja ya ba shi magani ya ce ya feshe duk bishiyoyin. Ya feshe ƙananan, da ya zo kan mangwaron ƙirjinsa ya toshe, domin feshin sama a fuska yake dawo masa, ya kwana uku yana numfashi da ƙyar. Sai ya ɓoye sauran maganin a bayan buhunan taki ya ce an gama.

"Ki kai masa," ya ce. "Ki wanke kanki. Ni dama na kusa."

Ta san abin da yake nufi da ya kusa, ta kuma san ƙarya yake. Mutumin ba shi da kowa a garin, ɗan ɗakin da ke jikin katangar lambu nan ne gidansa, in aka sallame shi ba aiki kaɗai zai rasa ba. Ta ce masa ya daina maganar banza ya sa hularsa, rana na dukan sanƙonsa. Amma murnar ta riga ta tsere mata, ta koma kan gugarta har yamma.

Duk da haka ba ta fasa ba. Ta san Manaja, in ta kai masa kwalba zai ce tsutsa daban tawul daban. Ranar Juma'a ta ɗauki sababbin tawul biyu daga cikin waɗanda ba a taɓa buɗewa ba, ta wanke su a ruwa ɗaya da sabulu ɗaya a gaban mai dafa abinci, don a samu shaida. Ta ɗinka wa ɗaya jan zare a kusurwa ta shanya shi ƙarƙashin mangwaro, ɗayan ta kai fili. Da yamma ta sa kowanne a ledarsa ta ba mai dafa abincin ya kulle a kabad ɗinsa. Ranar ta yi ta juya maganar a ranta. Ba wanda ya san da igiyar nan a ofis, Manaja bai taɓa taka ƙarshen lambu ba. In ta kwance ta kafin safe, sai a ce iska ce ke kwaso gashin har fili, laifi ya tafi inda zai tafi. Ta je har gindin bishiyar ta kama kullin. Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta sake shi yadda yake ta tafi gida.

Asabar da hantsi ta shiga ofis, wanka fes, da farin mayafi mai guga. Takardarta na kan tebur an riga an buga. Ta ajiye kwalba a gefenta, mai dafa abinci ya ajiye leda biyu. Masu gyaran ɗaki suka taru a bakin ƙofa, har da yarinyar da ke karɓar baƙi. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta nuna masa bayan hannayenta biyu cewa lafiya suke, ta dirje na dama da tawul ɗin fili, ta dirje na hagu da mai jan zare, ta ɗora su a kan teburinsa ta ce ya duba agogo.

Karo na farko a rayuwarsa Manaja ya jira wani abu. Minti goma bai cika ba hannun hagu ya fara ja, ƙurajen suka fito a gaban idonsa, na dama ko gezau. Ya ɗauki kwalbar ya juya, ya ga 'yan tsutsotsin na bin ganye, ya tambaya daga ina. Ta ce daga mangwaro. Fuskarsa ta washe, ba don ita ba, don ya samu abin da zai gaya wa mai masauki. Ya ce dama ya san za a rina, ai ya ba tsohon nan magani da hannunsa. Ya janye takardarta gefe, ya ce ta koma bakin aikinta, a kira masa mai lambu yanzu-yanzu.

"Yallaɓai, tsaya," ta ce. "Tsutsa tana bishiyarta, ba ta shiga ɗakin kowa ba. Ni na kai mata tawul. Igiyar masauki tana fili, ni na ɗaura tawa a ƙarƙashin bishiyar, ban tambayi kowa ba."

Manaja ya dube ta, ya dubi mutanen da ke ƙofa. Ba mugu ba ne can-can, gaggawa ce ta yi masa yawa da tsoron na sama. Ya rage murya ya ce mai masauki ya rantse sai wani ya tafi a kan maganar nan, shi ba yadda zai yi.

"Mama, ban ji abin da kika ce ba," ya ce. "Je ki abinki."

Ta gane ƙofar da ya buɗe mata, kuma Allah ya sani ta so ta bi ta. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce, ga shi ba ta san inda za ta nufa ranar Litinin ba. Ta hango mai lambu ta taga yana tahowa a hankali, ya sa rigarsa ta fita, ya riga ya shirya. Ta ɗaga murya yadda har na bayan ƙofa zai ji, ta maimaita maganar kalma-kalma, ta ƙara da cewa da tawul ɗin na fili, ko tsutsa dubu ce a bishiyar ba baƙon da zai yi susa.

Manaja ya yi ajiyar zuciya, ya jawo takardar da ya ture, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta ce wannan ta ƙarya ce, ya ga hannunta da idonsa, a buga wata. Ya ce takarda ai takarda ce, me zai rubuta. Ta ce ya rubuta abin da ta yi. Ya ce wa ya taɓa ganin an sa irin wannan a takardar sallama, ta ce yau za a fara, ta jawo kujera ta zauna, ta ce ba inda za ta. Hannun hagu na ci mata kamar wuta, ta ƙi ta sosa a gabansu.

Sai da aka buga sau biyu, domin ta farkon ya sa wasu kalmomi masu santsi da ta ce ba ta yarda da su ba. Karatunta bai yi nisa ba, don haka ta ce yarinyar da ke karɓar baƙi ta karanta a fili kowa ya ji. Yarinyar ta karanta. An sallami mai wanki bayan shekara ashirin da biyu saboda ta shanya tawul a inuwar bishiya ba da izini ba, gashin tsutsa ya zuba a kai. An tabbatar ba ta da wata cutar fata, kuma ba a taɓa samunta da ƙazanta a aikinta ba.

"Sake karanta na ƙarshen," in ji Uwar Kumfa.

Aka sake. Babbar masu gyaran ɗaki ta sunkuyar da kai. Mai lambu na tsaye a ƙofa yana ta buɗe baki zai yi magana, ta harare shi irin hararar da ta saba, ya yi shiru.

Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu, gefe ya hau gefe daidai, ta sa cikin jaka. Ta kwance makullin daga bakin zaninta, kullin ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Ta ajiye shi a kan tebur, ta yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, ta fita ta ƙofar gaba inda baƙi ke bi. Ba ta waiwayi ɗakin wankin ba, don ta san in ta gan shi komawa za ta yi ta roƙi yaron nan.